Harshenka Ne Ko Na Ƙungiya? Musulmi Da Aikin Watsa Labarai A Ƙungiyoyin Kare Haƙƙin Ɗan Adam

(Matanin laccar da wani ɗan'uwa ya gabatar a garin Kazaure, a zaman matasan da suka hallara daga Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa.)

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. 

Bayan haka, abin da ya jawo wannan magana shi ne wani ƙaninmu daga yankin Gwiwa, wanda ya karanta aikin jarida a jami'a, ya same ni bayan sallar La'asar da takarda a hannunsa. Wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa da ƙasa ce ke neman jami'in watsa labarai mai jin Hausa da Turanci. Mahaifinsa ya ce masa kul, wannan aikin Yahudu da Nasara ne. Abokansa kuwa suka ce me yake jira, ga albashi mai tsoka. Na ce masa amsoshin nan biyu duk an yi gaggawa a cikinsu, domin malaman usulu sun koyar da mu cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an fahimci surarsa.

To mene ne surar aikin? Mu ɗauki Amnesty International, tun da ita ce sunanta ya fi yawo a rediyo. Wani lauya ɗan Ingila, Peter Benenson, ya kafa ta a Landan a 1961, ta kuma buɗe ofishinta na Nijeriya a Abuja a 2015. Masu bincikenta su ne ke zuwa inda abu ya faru, su ji ta bakin waɗanda suka gani da ido, su duba hotunan bidiyo da na tauraron ɗan Adam da takardun asibiti, sa'an nan a rubuta wa hukumar da ake zargi domin ta kare kanta. Idan rahoto ya kammala sai ya zo hannun jami'in watsa labarai. Shi zai taƙaita shafi tamanin ya koma shafi ɗaya, ya zaɓi adadin da za a sa a kanun labari, ya kira 'yan jarida, ya fassara zuwa Hausa, ya sa a Facebook, kuma shi za a bugo wa waya da tsakar dare a ce rundunar soja ta ƙaryata, me za ka ce. Aiki ne da Bahaushe ya riga ya riƙe: Malam Isa Sanusi, tsohon ma'aikacin Sashen Hausa na BBC, ya shekara da shekaru yana kula da watsa labarai na ofishin Abuja kafin ya zama daraktansa a 2023.

A taƙaice, mutumin nan mai isar da shaida ne. Bai ga abin da idonsa ba, amma da bakinsa duniya za ta ji. Duk hukuncin aikin yana rataye a nan.

Ya 'yan'uwa, bayyana zalunci domin a kawar da shi ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Malaman sira sun kawo cewa kafin a aiko Manzon Allah (S.A.W.), wani ɗan kasuwa daga Zubaid ta ƙasar Yaman ya kawo hajarsa Makka, Asi ɗan Wa'il ya karɓa ya hana shi kuɗinsa. Baƙon ya zaga wajen manya, kowa ya kau da kai domin Asi babban mutum ne. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya hau dutsen Abu Ƙubais da hantsi, lokacin da Ƙuraishawa ke zaune a gefen Ka'aba, ya ɗaga murya ya faɗi abin da aka yi masa. Wannan kukan ne ya motsa Zubairu ɗan Abdulmuɗɗalib, aka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'an aka ƙulla alkawarin da ake kira Hilful Fudul, cewa za a tsaya tare da duk wanda aka zalunta har a maido masa haƙƙinsa. Manzon Allah (S.A.W.) ya halarta yana saurayi, kuma bayan annabta ya yabi wannan alkawari, ya nuna cewa da za a kira shi zuwa ga irinsa a cikin Musulunci zai amsa. Ku lura, mutanen da suka ƙulla shi masu bautar gumaka ne. Wannan bai sa alkawarin ya zama ɓata ba. Aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta ɗora taimakekeniya a kan abin da ake taimakawa a kansa, alheri ne ko saɓo, kuma aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta yi wa wanda aka zalunta izinin ya fito ya faɗa.

Adalci kuma ya wajabta mana mu faɗi abin da waɗannan ƙungiyoyi suka yi wanda mu ba mu yi ba. A watan Yuni na 2015 Amnesty ta fitar da rahoto cewa sama da mutum 7,000, maza da yara, sun mutu a tsare a hannun soja a arewa maso gabas tun daga 2011. 'Ya'yan Musulmi ne, mafi yawansu talakawa. A daren 3 ga Disamba 2023 jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam a kan masu taron Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna. Hukumar agajin gaggawa ta ce mutum 85 aka binne, Amnesty ta ce sun haura 120. Matsayinmu game da Mauludi sananne ne, amma saɓani a kan wata mas'ala bai taɓa halatta jinin Musulmi ba, kuma aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana mu barin ƙiyayya ta karkatar da mu daga adalci. A watan Nuwamba na 2024 kuma ƙungiyar ta ce aƙalla mutum 24 aka kashe a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, ta lissafa jihohi shida har da Jigawa tamu. Rundunar 'yan sanda ta ƙaryata, ta nemi a janye rahoton. Wanda yake tsaye a tsakiyar wannan jayayya, ana jifansa ta ko'ina, shi ne jami'in watsa labarai. Saboda haka wanda yake neman aikin domin sanyin ofis ya sake tunani. A watan Maris na 2017 masu zanga-zanga sun mamaye ƙofar ofishinsu na Abuja suna cewa su bar ƙasar.

Yanzu sai haɗari na farko, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe. Bayan Iraƙi ta mamaye Kuwait a watan Agusta na 1990, wata yarinya 'yar shekara 15 ta tsaya a gaban wasu 'yan majalisar Amurka a ranar 10 ga Oktoba tana kuka, ta ce ta ga sojojin Iraƙi suna cire jarirai bakwaini daga kwalaben da ake renonsu a asibiti suna yar da su a ƙasa. A watan Disamba Amnesty ta sa labarin a rahotonta, ta ambaci jarirai fiye da 300. Shugaban Amurka na lokacin, George Bush, ya riƙa kafa hujja da shi, kuma a watan Janairu na 1991 majalisar dattawansu ta amince da yaƙi da ƙuri'a 52 a kan 47. Bayan an gama yaƙi ƙungiyar ta aika masu bincike Kuwait, ba su sami hujja ba, ta janye maganar a watan Afrilu. A 1992 aka gano yarinyar ɗiyar jakadan Kuwait ce a Amurka, kuma wani kamfanin tallata manufofi, Hill & Knowlton, shi ya shirya bayyanarta. Janyewar ta zo, amma bama-bamai sun riga sun sauka a Bagadaza.

Babu wanda ya ce ma'aikatan ƙungiyar sun ƙirƙiri ƙarya. An kawo musu ne suka ɗauka, domin labarin ya dace da abin da zuciya ta riga ta yarda da shi game da Saddam. Ainihin abin da aya ta 6 a Suratul Hujurat ta yi gargaɗi a kansa ke nan: a bincika labari kafin a cutar da mutane cikin jahilci, a wayi gari ana nadama. Ɗalibin hadisi ya san wannan darasi tun kafin a haifi aikin jarida. Wa ya faɗa? Daga wa ya ji? Ya riski wanda yake ruwaitowa daga gare shi? Yana da wata buƙata a cikin labarin? Ni a ganina, Musulmin da ya karanci ilimin isnadi ya fi kowa cancanta da wannan kujera, in har zai iya ce wa shugabansa wannan adadi bai tabbata ba, ba zan fitar da shi ba, alhali sauran kafafe sun riga su bugawa.

Haɗari na biyu ya fi nauyi. Ƙungiyar nan tana da aƙida tata game da haƙƙi, ba ta kuma ɓoye ta ba. Tana adawa da hukuncin kisa a kowane hali, har da ƙisasi. Tana ɗaukar yanke hannu da bulala a matsayin azabtarwa. A 2016 ta fitar da manufar neman a daina hukunta karuwanci, ta kuma yi adawa da dokar hana auren jinsi da aka sa wa hannu a Nijeriya a 2014. Mu kuwa muna jihar da ta ƙaddamar da Shari'a a shekarar 2000. Direban ƙungiya yana tuƙa mota ne, akawunta yana lissafin kuɗi. Amma jami'in watsa labarai, ranar da aka miƙo masa sanarwa mai cewa haddin Allah dabbanci ne, shi ake jira ya zaɓo mata kalmomin Hausa masu daɗi ya karanta a rediyo. Tambarin da ke saman takardar ba zai ɗauke masa nauyin abin da harshensa ya furta ba a gaban Allah.

Wasu suna kafa hujja da Annabi Yusufu (A.S.), wanda ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar a ƙarƙashin sarkin da ba ya kan addininsa. Hujja ce mai ƙarfi, kuma Shaihul Islam Ibnu Taimiyya ya yi amfani da ita wajen halatta riƙe muƙami domin rage zalunci gwargwadon iko. Sai dai Annabi Yusufu hatsi ya tara ya raba, ba a taɓa sa shi ya yi shelar cewa addinin sarki shi ne gaskiya ba.

Akwai bambanci, wanda yake ɓacewa 'yan'uwa da yawa, tsakanin sukar hukuncin Allah da sukar kuskuren alƙali. Ku tuna shari'ar Amina Lawal. Kotun Bakori ta yanke mata hukuncin jifa a watan Maris na 2002. Wasiƙu suka cika intanet da sunan kare ta, wasu ɗauke da bayanan da ba daidai ba har da ranar da wai za a jefe ta, sai da ƙungiyar mata ta BAOBAB, wadda ke cikin masu taimaka mata a nan gida, ta fito a 2003 ta roƙi a dakata domin hayaniyar tana iya cutar da ita. A ranar 25 ga Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta sallame ta, da hujjoji daga cikin fiƙihun Malikiyya kansa, kamar haƙƙin janye iƙirari da mas'alar kwantaccen ciki. Wanda ya ce ƙaramar kotu ta yi kuskure bai fita daga Shari'a ba, hidima ma ya yi mata. Wanda ya ce asalin hukuncin ne zalunci, wannan magana ce dabam, kuma ita ce ba ta halatta ga Musulmi ya faɗa ko ya fassara domin tallata ta.

Kada wani ya ce ma'aikaci ba shi da zaɓi. A watan Agusta na 2022 shugabar ofishin Amnesty na Yukren ta ajiye aikinta saboda sanarwa guda da hedikwata ta fitar, wadda ta zargi sojojin ƙasarta da jefa farar hula cikin haɗari. Idan ita ta bar albashinta domin ƙasa, Musulmi ba zai rasa abin da ya fi ƙasa tsada a wajensa ba.

Kafin in zauna, akwai wani abu da yake damuna game da mu kanmu. Bara wani dattijo daga wani ƙauye a yankin Roni ya zo mini, an tsare ɗansa wata da watanni a kan rigimar gona ba a kai shi gaban alƙali ba. Na tambaye shi ranar da aka kama yaron, bai riƙe ba. Takarda ko ɗaya babu. Ya je wajen limami an yi masa addu'a, Allah ya saka da alheri, amma ba wanda ya zauna ya rubuta. Haka direbobinmu da fatakenmu na hanyar Babura zuwa kan iyaka suke ƙorafin abin da ake karɓa a shingaye, a majalisa kawai, shayi na ƙarewa magana ta ƙare. Alhali Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Kitabul Farƙi ya lissafa zaluncin sarakunan zamaninsa ɗaya bayan ɗaya, har da sunayen harajin da suke ɗora wa talakawa. Muna zagin na Landan don sun shiga sha'aninmu, mu kuwa a rassanmu huɗu ɗin nan babu littafi guda da ake shigar da koken wanda aka zalunta, da kwanan wata da sunan shaida, balle a kai shi Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda take nan tun 1995. Ina roƙon shugabannin rassa su duba wannan a zamansu na gaba.

Shi kuwa ƙanin namu, ga abin da na ce masa. Asalin aikin halal ne, kuma yana iya zama ibada idan ya tsaya a kan isar da kukan wanda aka zalunta da tantance labari da rufa asirin shaidu, domin sunan bazawara guda da ya kuɓuce a cikin sanarwa yana iya jawo mata abin da ya fi na farko muni. Amma kafin ya sa hannu, ya tambaye su a rubuce: idan aka zo kan batun da ya saɓa wa addinina, za a ɗauke mini rubuta shi da faɗarsa, a ba wani? In sun amince, ya shiga da bismillah, ya kuma ajiye wani abu daga albashinsa kowane wata domin ranar da za a sauya shugaba a manta da alkawari. In sun ƙi, ya nemi wani sashe a cikinsu wanda ba na magana ba, ko ya nemi wata ƙofar. Ya tafi ya rubuta musu, kuma har na baro gida yau bai kawo mini amsarsu ba.