Kafin Mu Yanke wa Tsohuwar Kwamfuta Hukuncin Mutuwa

Jawabin da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na reshenmu

Muna godiya ga Allah da ya tara mu lafiya, muna kuma godiya ga shugabannin reshe da suka ba mu dama mu yi magana a kan wani ɗaki da kusan kowannenmu ya sani, wato ɗakin kwamfuta da aka garƙame da kwaɗo, aka ce injinan da ke ciki duk sun mutu.

Makarantunmu da dama sun taɓa samun kyautar kwamfutoci, ko daga tsofaffin ɗalibai, ko daga wani ofishi da ya sabunta kayan aikinsa. Galibinsu tsofaffin injinan tebur ne irin su Dell OptiPlex da HP Compaq, masu ɗauke da Pentium 4 da manhajar Windows XP wadda ta fito a 2001. Ranar da aka danna makunni injin ya ƙi tashi, sai a lulluɓe shi da tsumma, malami ya koma zana hoton kwamfuta da alli a jikin allo. Alhali kuwa yaran da ke gabanmu, ranar da za su nemi shiga jami'a, a gaban kwamfuta za su zauna, domin tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan ta kwamfuta. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, kokawa da na'ura zai fara yi kafin ya kai ga tambaya.

A makarantarmu mun buɗe irin wannan ɗaki lokacin hutu, muka tarar da injina goma. Shida daga ciki sun tashi, kuma ba mu sayi komai ba sai batura da 'yan wayoyi. Abin da muka koya shi ne, injin da ya ƙi tashi yakan faɗi ciwonsa ga wanda ya natsu ya bi shi daki-daki: a duba wuta, a saurari sauti, a kalli allo, sannan a karanta saƙo.

Mataki na farko shi ne wuta. Kafin mu zargi injin, mu gwada soket ɗin da fitila ko cajar waya, mu duba fiyus ɗin fulogi, mu canja wayar wuta da wata da muka tabbatar tana aiki. Akwai kuma wani ɗan jan maɓalli a bayan tsofaffin injina da yawa, mai rubutun 115 da 230. Wutar Amurka ta yi kusan rabin tamu ƙarfi, saboda haka injin da ya fito daga can yakan zo a kan 115. In aka jona shi da wutarmu mai ƙarfin 230 ba tare da an juya maɓallin ba, akwatin wutarsa zai iya ƙonewa nan take. Mu duba wannan kafin mu jona kowane injin da aka kawo mana.

Mataki na biyu shi ne sauraro. Duk lokacin da aka kunna kwamfuta, takan fara da binciken sassan jikinta. A injina da yawa, ƙara ɗaya gajeriya na nufin komai lafiya. In kuwa fanka tana juyawa, allo ya yi baƙi, injin yana ta ƙara a jejjere, mafi yawanci ƙwaƙwalwar wucin gadi ce, wadda masu gyara ke kira ram, ta motsa daga mazauninta ko ƙurar hunturu ta shiga tsakani. Mu cire fulogi, mu danne makunni na 'yan daƙiƙu, mu taɓa ƙarfen akwatin don sauke wutar da jikinmu ke ɗauke da ita. Sai mu buɗe maƙalan gefe biyu, mu zare ram ɗin, mu goge haƙoransa masu ruwan zinariya da magogin fensir mai tsabta, mu mayar har sai maƙalan sun kama. In guda biyu ne, mu gwada su ɗaya bayan ɗaya, mu gane mai laifin.

Mataki na uku shi ne allo. Sau da yawa injin ya tashi, hoto ne kawai bai iso ba. Mu duba wayar nan mai shuɗin kai da allurai 15, ko ta saki ko wata allura ta lanƙwashe, mu kuma gwada allon a jikin wani injin mai lafiya.

Mataki na huɗu shi ne karanta abin da injin ya rubuta. In kullum yana neman a danna F1, kwanan watansa kuma yana komawa shekarun baya, batirin agogonsa ne ya ƙare. Ɗan batir ne mai siffar kwabo, lambarsa CR2032, ana samunsa wurin masu gyaran agogo. In ya yi ƙorafin madannai, mu tuna cewa a tsofaffin injina rami mai ruwan shunayya na madannai ne, kore kuma na linzami, kuma a jona su kafin a kunna. In ya ce bai ga inda zai tashi ba, mu cire filas ko faifan da aka manta a ciki, mu shiga saitinsa da F2 a Dell ko F10 a HP, mu duba ko yana ganin rumbun ajiyarsa.

Wajibi ne kuma mu san iyakarmu. Rumbun ajiyar da ke ƙwanƙwasa kamar agogo ya kusa ƙarewa. Ƙananan gwangwanayen da ke tsaye a kan babban allon ciki, wato kafasito, in kansu ya kumbura ko suna zubar da wani abu ruwan ƙasa, aikin mai gyara ne. Kada mu kuskura mu buɗe akwatin wuta ko tsohon allo mai ƙusumbi, domin suna riƙe wuta mai kisa ko bayan an cire fulogi. Kada kuma mu yi wannan aiki yara na zagaye da mu. Sannan tun watan Afrilu na 2014 kamfanin Microsoft ya daina kula da tsaron Windows XP, don haka kada mu haɗa waɗannan injina da intanet. Koyon buga rubutu, da riƙe linzami, da adana aiki, ba su buƙatarsa.

Muna roƙon reshe abubuwa uku. Kowace makaranta ta buɗe littafi, a ba kowane injin lamba, a rubuta alamar da ya nuna da abin da aka yi masa, domin wanda zai gaje mu kada ya fara daga tushe. A ware rana ɗaya kowane zango da malaman da suka iya za su zagaya makarantun maƙwabta. A kuma tunatar da hukumomin da abin ya shafa cewa sitabilaiza ɗaya da marufin ƙura sun fi sabon injin araha.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Kafin sababbi su zo, mu nemo mabuɗin ɗakin nan ranar Litinin, mu fara da injin ɗaya. Allah ya yi wa aikinmu albarka, ya shirya mana yaran da aka ba mu amana.