Gado da Ciwon Mabiyiya



Akwai wani irin ciki wanda mabiyiya kan tofu fiye da ƙima, ta zama ƙulle-ƙullen ruwa kamar nonon inabi. Alamominsa su ne zubar jini, da yawan amai, da girman ciki fiye da watanninsa.

Asalin al'amarin yana cikin ƙwayar halitta. Kowane ɗan Adam yana da kuromosom 46, wato 23 daga uwa, 23 daga uba. A shekarar 1977 masana biyu na ƙasar Japan, Kajii da Ohama, suka nuna cewa a cikakken nau'in wannan ciki duk 46 ɗin na uba ne. Ƙwan mace kan rasa nasa rabon, na maniyyi ya ninka kansa, saboda haka babu ɗan tayi sam. A ɗaya nau'in kuwa, maniyyi biyu ne kan shiga ƙwai guda, adadin ya zama 69, a sami ɗan tayi wanda ba ya rayuwa. Wannan ya karantar da masana cewa rabon uba ya fi ƙarfafa tofuwar mabiyiya, ɗan tayi kuwa ba ya ginuwa sai da rabon uwa. A 2006 kuma aka gano a Kanada cewa tawaya a sashen gado mai suna NLRP7 ita ke sa wasu mata maimaita irin wannan ciki.

Haɗarin shi ne, bayan an yi wankin ciki, kimanin 15 cikin 100 na masu cikakken nau'in sukan saura da tsiron da ke ci gaba, wani ma ya rikiɗe ya zama sankara. Takan bi jini ta kai huhu, har a ɗauka tarin fuka ne. Amma tun 1956, da Li da Hertz suka gwada maganin metotireset a Amurka, ta shiga sahun sankarar da aka fi warkarwa.

Tsiron yana fitar da sinadarin da ake gane ciki da shi, don haka awon jini kan tona asirinsa da wuri. Wajibi ne mace ta riƙa komawa awo, ta kuma dakata da ɗaukar wani ciki har likita ya sallame ta. Jinin da ya ƙi tsayawa bayan ɓari ko haihuwa, a garzaya da shi asibiti. Mazaje da hukumomin lafiya su ke da alhakin sauƙaƙa wannan zirga-zirga.

Allah ya ba mu lafiya, amin.