Jawabi a Taron Wata: Kalmar "To" ta Turanci da Sha'anin Kasuwarmu

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, iyayenmu da 'yan'uwa mazauna Sabo.

Yau maganarmu a kan wata 'yar kalma ce ta Turanci mai harafi biyu, wadda ake rubutawa "to", ana furta ta "tu". A rubuce ta yi kama da "to" ɗinmu na amsa magana, amma ba dangin iya ba na baba. Mu da muka zauna gaban malam mun san "min" da "ila" a Larabci. To, "from" ita ce "min", wato daga. "To" kuwa ita ce "ila", wato zuwa.

Na farko, wurin aika kaya. In za mu ɗora huhun goro daga Ibadan zuwa Kano, sunan da ke bayan "to" shi ne mai karɓa, na bayan "from" shi ne mai aikawa. In yaron da ya rubuta ya juya su, sai kaya su isa tasha a rasa mai su, goro kuwa ba ya jiran kowa.

Na biyu, wurin kuɗi. In mai saye ya nuna mana shaidar tura kuɗi a wayarsa, kada mu tsaya kan adadi kawai. Mu duba sunan wa ke bayan "to". In ba namu ba ne, kuɗin nan ba aljihunmu suka nufa ba.

Na uku, wurin lokaci. In direba ya ce "ten to four", huɗu saura minti goma yake nufi. Huɗu da minti goma "ten past four" ne. Tsakaninsu minti 20, sun isa mota ta tashi ta bar mutum da kayansa. Haka "Monday to Friday" a ƙofar banki, Litinin zuwa Juma'a ke nan. Kada a je ran Asabar.

Na huɗu, allon "to let" a jikin gida ko shago. Haya ake bayarwa, ba sayarwa ba. Kada wani dillali ya karɓi kuɗinmu da sunan ciniki.

Jama'a, baƙo ko da ido makaho ne, amma matambayi ba ya ɓata. Kafin mu sa hannu ko mu dangwala yatsa, mu sa 'ya'yanmu 'yan boko su karanta mana, mu ji ina "to" ta dosa.

Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Wassalamu alaikum.