MUTUWA DA HISABI: ABIN DA NA KOYO DAGA MAƘABARTAR TSAMAYE



Da aka ba ni wannan batu na mutuwa da abin da ke bayanta, sai da gabana ya faɗi. Ni ba malami ba ne, shekaruna kuma ba su kai na wanda zai hau mumbari ya yi wa jama'a wa'azi ba. Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne an ce ra'ayina ake so in faɗa, ba fatawa ba. Na kuma duba garin da na fito, watau Tsamaye ta ƙaramar hukumar Sabon Birni, can ƙasar Gobir kusa da iyakar Nijar, na ga cewa saurayin da ya tashi a wannan yanki cikin shekarun nan ba zai rasa abin faɗa game da mutuwa ba. Inda na yi kuskure, malamai su gyara mini.

Bari in fara da mutuwa kamar yadda na tashi na gan ta. Idan aka ji salati da kuka sun tashi daga wani gida, kowa ya san an yi rashi. Mai noma ya ajiye fartanya, mai awo ya rufe kwano. Samari su nufi maƙabarta da diga da shebur, dattawa su yi wa mamaci wanka, a naɗe shi da likkafani, a ɗora bisa makara. Liman ya shige gaba a yi kabbara huɗu, babu ruku'u, babu sujada. A kwantar da shi a gefensa na dama yana fuskantar alƙibla, a jera itace, a mai da ƙasa. Wanda ya rasu da hantsi, kafin azahar an dawo daga rufe shi. Sa'an nan a zauna makoki, a raba gumba sadaka, matarsa kuwa ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma. Attajiri da almajiri, ƙyalle ɗaya, rami ɗaya. Wannan shi ne karatuna na farko, na kuwa koye shi tun kafin in iya haɗa baƙi.

Kakata, Allah ya jiƙanta, mai yawan ibada ce, amma ta taso da sauran maganganun mutanen da. Takan ba mu labarin kurwa, wadda ake cewa maye yana kamawa har mai ita ya rame ya mutu. Takan yi maganar fatalwa, da kuma ɗan wabi, watau jaririn da ake zaton yana mutuwa yana komowa cikin uwarsa, har a laƙaba masa suna irin su Ajuji ko Ayashe don a nuna ba a damu da shi ba, ko ya haƙura ya zauna. Ban yarda da waɗannan ba, Musulunci kuma ya zo ya warware su. Duk da haka akwai abin lura a cikinsu. Bahaushe, tun kafin ya san alƙalami da allo, bai taɓa ɗaukar mutum a matsayin tsoka da ƙashi kaɗai ba. Ya san akwai wani abu da ke barin gangar jiki, bai dai san inda ya dosa ba. Addini ne ya ba shi amsa: zaman barzahu, da tambayar kabari, da tashi ran gobe ƙiyama, da mizani, da siraɗi, sa'an nan ɗayan gidaje biyu.

Da na zo jami'a na gamu da wani ra'ayi dabam, a littattafai da kuma bakin wasu abokai. Suna cewa mutuwa ita ce tsayawar zuciya da ƙwaƙwalwa, daga nan kuma babu sauran labari. Ra'ayin ba sabo ba ne. Wani masanin falsafa na ƙasar Girka mai suna Efikuras, wanda ya rasu a shekara ta 270 kafin haihuwar Annabi Isa, ya koyar da cewa babu dalilin jin tsoron mutuwa, tun da mai rai bai gamu da ita ba, matacce kuwa ba ya nan balle ya ji ta. Na yi tunani a kan wannan ƙwarai, ban kuwa raina shi ba. Likita yana da gaskiya a kan yadda jiki ke daina aiki, amma awonsa a nan ya tsaya. Abin da ya raba ni da wannan ra'ayi, ban da imanin da na gada na kuma yarda da shi da hankalina, shi ne abin da ya faru a ƙasarmu.

A watan Mayu na 2020 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da maƙwabtansu a ƙasar Sabon Birni, suka kashe mutane sama da 70. A watan Disamba na 2021 aka tare wata motar matafiya kusa da Gidan Bawa aka cinna mata wuta, mutum 23 suka rasu bisa ƙidayar hukuma. Dubban mutanenmu sun tsallaka iyaka suna gudun hijira a jihar Maraɗi. To, jama'a, idan kabari ne ƙarshen magana, ke nan wanda aka ƙone da wanda ya ƙyasta ashana makomarsu ɗaya, dukansu su zama ƙasa, babu mai bin wani bashi. Zuciyata ta ƙi karɓar wannan, hankalina ma ya ƙi. Na yi imani akwai ranar da za a tsai da su biyun, a tambayi ɗaya a bi wa ɗaya hakkinsa. Hadisi ingantacce ya nuna cewa shari'ar jini ita za a fara yi tsakanin mutane a wannan rana.

Ƙasar Gobir ba baƙuwar jini ba ce. A Tsuntsuwa, a ƙarshen 1804, jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo sun yi hasarar mutane masu yawa, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani. A 1808 birnin Alƙalawa ya faɗi, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa, kufan birnin yana nan cikin ƙasar Sabon Birni. A 1836 aka gwabza a Gawakuke. Waɗancan mutane, na wannan ɓangare da na wancan, duk suna kwance ƙarƙashin ƙasar da muke shuka gero a kanta, kowa yana jiran hisabinsa. Malaman wancan zamani, irin su Nana Asma'u, sun cika waƙoƙinsu na wa'azi da tunatarwa game da ƙiyama, kuma gargaɗin nasu ya haɗa har da masu mulki da alƙalai, bai tsaya kan talakawa ba.

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna, shi ne kuma dalilin tsayuwata gabanku. Akwai wata kalma da muke faɗa duk lokacin da aka yi rashi: "Kwana ya ƙare." Kalmar gaskiya ce. Malaman Sunna sun tafi a kan cewa wanda aka kashe ma da ajalinsa ya mutu, saɓanin Mu'utazilawa da suka ce mai kisa ya yanke masa sauran kwanakinsa. Amma waɗannan malamai da suka tabbatar da ajali, su ne kuma suka tabbatar da ƙisasi da diyya. Ba su taɓa cewa cikar ajali ta wanke mai laifi ba. Mu ne muka ɗauki kalmar da aka yi don sanyaya zuciyar uwar mamaci, muka mai da ita murfin da ake rufe bincike da shi. Mai gaisuwar ta'aziyya ya faɗe ta, ya yi daidai. Wanda aka ɗora wa amanar tsaron hanya ko ta magani ya faɗe ta don kada a tambaye shi, wannan ya ci amanar kalmar.

Ku tuna abin da ya faru zamanin Sayyidina Umar, lokacin annobar da ta ɓarke a ƙasar Sham wajen shekara ta 18 bayan hijira. Ya kama hanya, sai labarin annoba ya riske shi, ya yi shawara, ya yanke a koma Madina. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce, kamar makiyayin da ya zaɓi kwari mai ciyawa ya bar busasshe. Wa ya fi Umar imani da ajali cikinmu? Duk da haka bai kai mutanensa ga halaka ba.

Akwai kuma wata irin mutuwa da ta zame mana sabuwa, ita ce mutuwar da babu gawa. A watan Yuli na 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato. A watan Agusta labarin rasuwarsa a hannun waɗanda suka sace shi ya iso, aka yi masa salla ba tare da gawarsa ba. Wannan salla tana da asali, domin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Najashi Sarkin Habasha irinta. Amma mazhabar Malikiyya da muka tashi a cikinta ba ta saba yin ta ba, Shafi'iyya da Hambaliyya ne suka fi riƙo da ita. Ku duba irin halin da ya kai jama'a ga yin sahu babu makara a gabansu. In an yi wa basarake haka, ina ga talaka?

Ni kaina ina da kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda ya fita zuwa gona wata safiya da damina, har yau babu shi babu labarinsa. Ba mu yi masa wanka ba, ba mu zauna makoki ba. Matarsa ba ta san ko ita mai aure ce ko mai takaba ba. A littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukanmu, matar wanda ya ɓata takan kai ƙara gaban alƙali, a bincika, ta jira shekara huɗu, sa'an nan ta yi idda irin ta mutuwa. Da muna karanta wannan babi muna yara, mun ɗauka hukunci ne na matafiyan zamanin raƙuma. Yau ga shi a tsakar gidanmu. Abin da ke riƙe da mahaifiyata shi ne sanin cewa wanda ya ɓace mana bai ɓace wa Ubangijinsa ba, kuma duk inda ƙashinsa yake za a tashe shi. Da babu wannan imani, ban san yadda za ta wayi gari ba.

Saboda haka imani da lahira yana yi mana aiki iri biyu. Yana ba wanda aka zalunta haƙuri, yana kuma hana mai amana barci. Mun riƙe na farko da kyau, na biyun ne muka saki. Akwai hadisin wata mata da ta shiga wuta saboda kyanwa. Ba yanka ta ta yi ba. Ɗaure ta ta yi, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba, har ta mutu. Laifinta sakaci ne da ran da ke hannunta. To, in kyanwa ke nan, ina ga ɗan Adam?

'Yan'uwana ɗalibai, gobe kaɗan mu ne za mu zauna a kujerun da yayyenmu ma'aikata suke kai yau. Za a kawo mana fayil. A cikin wani akwai kuɗin maganin ɗakin shan magani na ƙauye, a cikin wani akwai gyaran gadar da mai naƙuda za ta bi cikin dare, a cikin wani akwai rahoton mai unguwa cewa an ga baƙin fuska a daji. Takarda ce a ido, amma rayuka ne a ciki. Wanda ya danne ta wata uku yana jiran a ba shi na goro, sa'an nan ya je gaisuwa ya ce kwana ya ƙare, ya sani cewa akwai wani fayil da ake rubutawa a kansa, shi kuwa ba ya ɓata, ba a kuma sayen magatakardansa.

Abin da na fi tsoro ga tsaranmu shi ne sabo. Hausawa sun ce sabo turken wawa. Mun fara jin an kashe mutum ashirin mu tambayi wane gari, in ba namu ba ne mu ci gaba da hira. Ina roƙon mu da abu uku masu sauƙi. Mu riƙa ambaton mamatanmu da sunayensu muna yi musu addu'a, kada su zama lissafi kawai. Mu nemi marayu da matan da aka bari, musamman waɗanda ba su ga gawa ba, domin su ne aka fi mantawa da su. Sa'an nan duk wanda Allah ya ba shi kujera, komai ƙanƙantarta, ya riƙe ta riƙon wanda ya san za a tambaye shi.

Ni dai ga abin da na yi imani da shi. Mutuwa rigar kowa ce, lokacinta ba ya gaba ba ya baya. Kabari masauki ne, tafiya tana gaba. Hakkin kowa zai fita, har na wanda aka bari a daji babu likkafani. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya bayyana waɗanda suka ɓata, ya mai da zaman lafiya ƙasar Gobir da sauran ƙasashenmu, ya sa mu cika da imani.