Yadda Za A Gane Ɗan Kwangilar Da Bai Kamata A Ba Shi Gyaran Gida Ba



Tun daga ran 1 ga Oktoba 1996, sa'ad da aka cire Jihar Gombe daga Jihar Bauci aka mai da Gombe babban birninta, aikin gini bai tsaya ba a garin nan. Sababbin unguwanni sun miƙe har Tumfure. A tsofaffin unguwanni kuwa, irin su Jekadafari da Bolari da Herwagana da Kumbiya-kumbiya, magidanta suna ta rushe katangun ƙasa suna ta da na bulo, suna sake rufi, suna ƙara ɗakuna saboda iyali sun yawaita. Wannan ya buɗe wa 'yan kwangila kasuwa. Da yawansu masu sana'a ne na ƙwarai, amma ba a rasa baragurbi a cikinsu, waɗanda ke barin mutum da ɗaki ba rufi ga damina ta kawo jiki. Irin waɗannan suna da alamomi, kuma yawancin alamomin sukan bayyana tun kuɗi bai bar hannun maigida ba.

Kuɗin Aiki

Alama ta farko ita ce mutum ya yanke kuɗin aiki tun bai auna kome ba. Magini na gaskiya sai ya zagaya gida, ya auna bango, ya hau ya duba katakon rufi ko gara ta ci shi, sa'an nan ya kawo lissafi dalla-dalla: buhun siminti kaza, bulo kaza, kwano bandir kaza, yashi tifa kaza, ladan ma'aikata kaza. Ya kamata maigida ya nemi irin wannan lissafi daga mutum uku ya gwada. In na ɗaya ya faɗi ƙasa ƙwarai da na sauran, to, a yi hattara, domin araha ba ta ado. Wanda ya karya farashi don ya sami aiki, ko dai ya rage kaya, ko ya tsaya a tsakiya ya ce sai an ƙara.

Alama ta biyu ita ce neman kafin alƙalami mai yawa. Wanda ya ce sai an ba shi dukan kuɗin, ko mafi yawansa, kafin ya ajiye ko kwanon sarki guda a ƙofar gida, sau da yawa wani aikin da ya bari a baya zai rufe da shi. Haka nan mai cewa lalle a biya yau domin gobe siminti zai tashi. Hanyar da ta fi ita ce a raba aiki mataki-mataki, watau harsashi, da ɗaga bango har linta, da rufi, da filasta da fenti, a riƙa biya bayan an ga kowane mataki ya kammala. A kuma riƙe wani abu daga kuɗin ƙarshe har ruwan farko ya sauka a ga ko rufin yana yoyo.

Rubutu Da Shaidu

Alama ta uku ita ce ƙin rubutu. Akan ji mutum ya ce ai tsakaninsu amana ce, rubutu na me? Amma ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. Saboda haka neman rubutu ba rashin yarda ba ne. A rubuta aikin da za a yi, da irin kayan da za a sa, da wanda zai saye su, da ranar farawa da ta gamawa, da yadda za a biya. Kowa ya sa hannu a gaban shaidu biyu, ya riƙe tasa takarda. Duk kuɗin da aka bayar a karɓi rasit, ko a biya ta banki. In an sake shawara ana cikin aiki, ita ma a rubuta ta da kuɗinta.

Alama ta huɗu ita ce mutum ya kasa nuna aikin da ya taɓa yi. Hoto a waya bai isa shaida ba. A je gidan da ƙafa, a gana da mai shi, kuma ya fi kyau ya zama gidan da ya sha damina biyu ko uku. A san inda ɗan kwangilar yake zaune da wanda ya san shi, kamar mai unguwarsu ko shugabannin ƙungiyar magina. In ya ce kamfani gare shi, ya nuna takardar rajista daga Hukumar Rajistar Kamfanoni. In ya kira kansa injiniya, akwai majalisar COREN da aka kafa a 1970 mai riƙe da sunayen injiniyoyi, kamar yadda CORBON, wadda aka kafa a 1989, take riƙe da na ƙwararrun magina.

Kayan Aiki

Alama ta biyar ita ce ɗan kwangila ba ya son maigida ya ga kayan da aka sayo. Masana'antar siminti ta Ashaka tana nan cikin wannan jiha, tana aiki tun 1979, amma kusancinta ba ya hana mai ha'inci ha'incinsa. Buhun siminti kilo 50 ne. A ƙirga buhuna ran da aka sauke su, a ƙirga fankon bayan an yi aiki. Simintin da ya daɗe a ajiye har ya dunƙule ya rasa ƙarfinsa. Bulon da ke marmashewa in an murza shi da hannu, yashi ya yi masa yawa. Kwaɓin kankare da aka saba yi wa linta da ginshiƙi shi ne awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Bayan an zuba, sai a yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai wajen kwana 28. Wanda ya zuba linta yau ya ce gobe zai ɗora mata nauyi, gaggawar karɓar kuɗinsa yake yi.

Ruwa Da Ƙasa

Alama ta shida ta fi shafar mutanen Gombe. A 1919 aka dawo da hedkwatar masarauta daga Nafada zuwa wannan wuri, kuma garin yana zaune ne a gangare, ruwa na sauko masa daga tuddai, ga ƙasar wurare da yawa rairayi ce mai saurin zaizaya. Dattawa ba su manta da ambaliyar watan Agusta na 2004 ba, wadda ta ci rayuka ta rushe gidaje, kuma kowa ya ga yadda kwazazzabai suka ci filaye da gidajen jama'a a cikin gari. Don haka duk maginin da ya zo gyaran gida bai tambayi ta ina ruwa ke shiga ta ina yake fita ba, bai san aikinsa ba. In bango ya tsage, ko gindinsa yana jiƙewa yana ɓarewa, mai sana'a zai tona ya ga harsashi tukuna. Mai ha'inci kuwa zai shafe tsagar da filasta ya bi da fenti, damina na zuwa ta sake buɗewa. Mafi muni shi ne wanda zai ba da shawara a toshe magudana ko a ci hanyar ruwa don a ƙara ɗaki, domin ruwan da aka tare gidan maƙwabci zai faɗa, ko ya dawo wa mai shi.

Alama ta bakwai ita ce raina izinin hukuma. Sake fenti ko maye kwanon da ya huje ƙaramin aiki ne. Amma ɗora bene a kan tsohon gida, ko fasa bangon da ke ɗauke da rufi, sai injiniya ya duba harsashin, sai kuma an sami izini daga hukumar tsara birane ta jiha. Wanda ya ce a bar masa wannan, ya san yadda zai yi da ma'aikata, yana jefa maigida cikin haɗari ne, domin ran da aka zo rusau gidan maigida za a rusa. Abin da ya fi rusau kuma shi ne asarar rai. A watan Yuli na 2024 benen wata makaranta ya rufta a Jos, mutum 22 suka rasu, yawancinsu ɗalibai.

In Abu Ya Riga Ya Ɓaci

Wanda ya ga waɗannan alamomi bayan an fara aiki, ya tsai da biya nan take, ya kira wani magini ya kimanta abin da aka yi. Sa'an nan ya nemi sulhu ta hannun shaidu da mai unguwa. In sulhu ya ƙi, sai kotu, inda takardar yarjejeniya da rasit za su tsaya masa. Kada a ƙwace kayan aikin mutum ko a kai masa hannu.

Maigida kuma yana da nasa nauyi: ya biya ma'aikata haƙƙinsu a kan lokaci, ya fara gyara da rani tun hadari bai taso ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya tsare gidajen jama'a, ya sa a ga damina lafiya.