Daga Langa Zuwa Kujerar Ofis: Yadda Tarbiyya da Makaranta Ke Tsara Motsa Jikin Manya a Ikara, Maƙarfi da Kudan



A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, ana so babban mutum ya motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 kuma awa guda kullum. Awar yaro ba ta da wuyar cika a ƙauyukanmu. Yaron da ya tashi a gonakin rake na Maƙarfi ko Kudan ya yi sara, ya yi ɗauri, ya kai dami inda ake dafa mazarƙwaila. Na Ikara ya yi banruwan tumatir da rani. Da farin wata kuma ga langa da kokawa, 'yan mata na gaɗa a dandali bayan sun wuni yawon talla.

To ina wannan kuzari yake tafiya in an girma? Ra'ayina shi ne, yaronmu na koyon motsi ta hanya biyu kawai: ko dai wahala ce ta dole, ko kuma wasa ne na ƙuruciya. Dukansu abubuwa ne da ake fatan rabuwa da su. Uban da ke biyan kuɗin makaranta yakan ce wa ɗansa, yi karatu kada ka ƙare a fartanya kamar ni. Ɗan ya ji magana. Ya sami aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma a Hunƙuyi, ya sayi babur, masallacin da ke bayan layinsu ma sai a kansa. Tumbi ya fito, dangi suka ce hutu ya zo. Hawan jini da ciwon suga ba sa sallama, sai dai a gan su ranar awo.

Ga kuma maganar girma. Magidanci ɗan shekara hamsin ya sa gajeren wando ya fita gudu da safe, tambayar farko da zai ji ita ce, Alhaji lafiya? Wa ya biyo ka? Kunya kaɗai ta isa ta mayar da shi gida.

Lamarin mata ya fi tsanani. Gaɗa na ƙarewa ranar da aka kai yarinya ɗakinta. Iyayenmu mata sun sha daka da surfe da jan guga. Yau injin niƙa ya ɗauke wannan, kuma alheri ne, ba mai neman a koma turmi. Sai dai ba a kawo komai a madadinsa ba.

Nan ne ya kamata makaranta ta shigo. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara tara na karatun farko, kuma darasin motsa jiki na cikin manhaja. Amma a makarantu da yawa a allo ake yin sa: yaro ya haddace faɗin filin ƙwallo, ya ci jarrabawa, bai taɓa zagaya filin ba. A abin da na lura, waɗanda suka yi makarantar kwana, inda ake tayar da ɗalibi gudun asuba kuma ake gasar gidaje, su ne suka fi riƙe al'adar bayan sun manyanta. Sun ga malaminsu, mai iyali da mutunci, yana gudu a gabansu. Almajirin tsangaya kuwa ƙafa ya sha ta har ya gaji, don haka ranar da ya sami abin hawa ya yi ban kwana da ita.

Kayan gyara na kusa da mu. Makarantar Kimiyyar Lafiya ta Shehu Idris tana Maƙarfi, Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya na horar da malaman motsa jiki. A tura ɗalibansu koyon aiki firamarenmu, a killace filayen makarantu kafin a yanka su filoti, a ware wa matan aure yammaci ɗaya a harabar Islamiyya, mace ta jagorance su. Sannan a fara da hakimai da limamai: su taka da ƙafa zuwa masallacin Juma'a, jama'a na kallo.