Yadda za mu gane ko dajin da muke ci yana ƙaruwa

 

Yawancin kayan da muke ƙetarawa da su ta Jibiya, Ɗan Isa, Illela da Ƙonni daga daji suke fitowa: kaba da goruba, ƙaro, kuka, zuma, itace. In daji ya ƙare, hajarmu ta ƙare.

A Nijar an gwada damƙa wa mutanen gari kula da dajinsu. Tun 1992 doka ta ba ƙauyuka damar buɗe kasuwannin itace na karkara, su sare bisa ƙa'ida, su samu rabo daga haraji. A yankin Maraɗi kuma, tun shekarun 1980, manoma suka rungumi sassaben zamani, wato barin tohon kututture a gona ana yi masa aski har ya girma. Masu bincike sun ƙiyasta wajen hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 da suka farfaɗo ta haka.

To, da me za a auna ci gaba a ƙauye guda? Ƙidayar dashen ranar biki ba ta isa ba, domin yawancinsa awaki da rani ke cinyewa. Ga ma'aunai huɗu da kowa zai iya dubawa. Na ɗaya, itace nawa ya rayu bayan rani uku? Na biyu, tafiyar mata neman itacen girki ta ragu ko ta ƙaru? Na uku, kuɗin asusun kwamiti ana karanta su a bainar jama'a, kuma me aka yi da su? Na huɗu, rigimar manoma da makiyaya kan sassaka da burtali ana kashe ta a gari ko sai an je gaban hukuma?

Mu ma muna da namu ma'aunin. Mu ne ke fara ganin damin kaba ya ƙanƙance, ko mai kawo ƙaro ya koma gari mai nisa. Shawarata ita ce ƙungiya ta ware littafi, kowane reshe ya riƙa rubuta garin da kaya suka fito, girman dami da farashinsa, sau biyu a shekara. Kuma kada mu sayi itace ko gawayin da ba shi da takarda, komai arharsa. Baɗi war haka sai mu buɗe littafin tare.

Allah ya ƙara haɗa kanmu, ya sa albarka a nema.